Wai yaushe faci ya zama abin kunya a gidajenmu?

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya kuma haƙuri da mu masu dogon surutu. Don Allah a ɗan sammin fili a shafin wasiƙu, in kuma ka ga ta yi tsawo to gara ka datse gaisuwar ka bar min tsakiyar.

Ni malamar firamare ce a nan Kano, shekara ashirin da ɗoriya ina shan ƙurar alli, maigidana shi ma ɗan albashi ne, yaranmu biyar ga kuma ƙanwarsa da take zaune a wajenmu. Abun da ya sa na ɗauki waya nake ta wannan danne-dannen takalmi ne, eh takalmi dai da ka sani, na 'yata ta uku da take aji biyu a ƙaramar sakandare.

Wata ranar Lahadi da yamma tana wanke sandal ɗinta na makaranta sai maɗaurin ya fice daga gindi. Nace ɗauki ki kai wa shumekan bakin masallaci kafin ya tashi. Yarinyar nan ta tsaya ƙiƙam kamar an dasa ta, can sai hawaye, wai ita Umma in ƙawayenta suka ga ɗinki a jikin takalmin ta shiga uku, akwai wata a ajinsu da har yau 'yar faci suke ce mata saboda an taɓa yi wa siket ɗinta faci a gefe. Wallahi Malam Edita sai da jikina ya yi sanyi, na rasa faɗa zan yi ko lallashi. Na yafa mayafi na ɗauki takalmin na tafi da kaina.

Dattijo ne shumekan, ya fi shekara goma a gindin bishiyar nan da ɗan akwatinsa na katako. Ya karɓa ya jujjuya shi, ya goge wajen da samfefa, ya shafa gam gefe da gefe ya ajiye ya sha iska, ya ci gaba da wani aikin kamar ya manta da ni, sai da gam ɗin ya daina kama yatsa sannan ya haɗa ya bubbuga da 'yar gudumarsa, ya kawo basilla da baƙin zare ya bi ta ƙasa yadda in ba ɗaga takalmin ka yi ba ba za ka taɓa ganin ɗinkin ba. Naira 300 ya karɓa. Sabon irinsa na tambaya a kasuwa satin da ya wuce kafin nan, kusan 5,000 aka ce min. Ina miƙa masa kuɗin nace Baba ai yanzu kam kasuwa ta buɗe muku, sai ya yi dariya yace Hajiya aiki kam ya ƙaru, amma masu shi ba sa zuwa, almajiri suke aikowa da shi a baƙar leda, waɗanda suka daure suka zo da ƙafarsu kuma sai bayan magariba in duhu ya fara.

Maganar nan ta Baba ita ta hana ni barci. Wato muna cikin matsi har wuya, muna yin gyaran dole, amma muna ɓoyewa kamar masu sata.

Kowa ya san inda aka kwana ba sai na tsaya dogon lissafi ba. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi, litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare ta wuce 1,000. Dala da take wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma mu da ba mu taɓa riƙe dala ba mu muka fi jin ta a jika, don daga allura har omo sai mai kanti ya ce maka dala ce. An yi ƙarin mafi ƙarancin albashi daga 30,000 zuwa 70,000 a Yulin 2024, mu a Kano aka ce 71,000, amma a ƙarshen shekarar nan buhun shinkafa ɗaya ya fi wannan kuɗin. Alhamdulillahi hatsi ya ɗan sauko daga baya, sai dai kuɗin mota da magani da haya da kuɗin makaranta su basu san hanyar saukowa ba. To in kiɗa ya canza ai rawa ma dole ta canza, amma mu kiɗan ya canza tun tuni muna nan muna ta taka tsohuwar rawa don kar a ce ƙafarmu ta gaji.

Ni a gidan da na tashi ba a san wani abu wai shi yarwa ba. Innarmu Allah ya jiƙanta, ƙwaryarta ta fura in ta tsage ajiyewa take sai mai gyartai ya zo wucewa, ya zauna a soro ya huhhuda gefen tsagar ya ɗinke ta tsaf, ƙwaryar nan ta koma aiki, in ma ta daina riƙe ruwa sai ta koma ta zuba tsaba. Yaran yanzu ka ce musu gyartai sai su ɗauka sunan wani gari ne. Zani kuwa hawa-hawa yake, ya fara a na fita unguwa, ya dawo na zaman gida, ya koma na girki, daga nan a yaga a yi majanyi ko ƙunzugun jariri, ƙarshensa tsumman sauke tukunya. Tuwon dare in ya yi saura da safe ɗumame ne kuma rububinsa muke, ƙanzon gindin tukunya a kankare a shanya a tara, ranar da aka ga dama a jiƙa a yi kwaɗonsa da ƙuli da albasa, wallahi har yau ban ci wani abun da ya fi min shi daɗi ba. Toka ta wanke tukunya, gwangwanin madara ya zama ma'auni ko fitilar aci-balbal, tsohon tiyub na mota ya zama guga. Kuma fa ba talauci ne ya sa ba, Babanmu ma'aikaci ne yana da rufin asirinsa, kawai dai a lokacin mace mai tattali ita ake yabo, wadda take zubar da abinci a kwata ita ake nunawa da baki.

Inna takan ce lalacewar ta faro ne daga kuɗin Udoji, lokacin Gowon, da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi aka biya su har da ariyas a 1975, kowa ya ruga kanti, rediyo, keke, babur, kwanukan tangaran, wanda bai sayi sabo ba ya zama baƙauye. Ni lokacin ina goye don haka labari ne na ji. Amma na ga zamanin SAP, tsarin tsuke bakin aljihu na Babangida, daga 1986, na kuma ga wahalar kananzir ta lokacin Abacha da idona, lokacin da kowane gida aka koma murhun garin katako har aka laƙaba masa sunan mai mulkin. Mutane sun ji jiki a lokacin, sai dai ban tuna wani ya ji kunyar a gan shi da buhun garin katako a ka ba. Abun da ya ƙaru a yanzu shi ne waya. Da kishiya da maƙwabciya kaɗai ake yi wa ƙarya, yanzu sai ka yi wa mutum dubu a status, kowacce tana ɗora hoton kicin ɗinta da jerin kuloli, ke kuma kina kallo kina jin kamar ke kaɗai Allah ya manta da ke, alhali wata ma kulolin aro ne.

Bari na faɗi kaɗan daga abun da muke yi a gidana tunda na daina jin kunyar, ko wata za ta ɗauki wani abu.

Keken ɗinkin Inna Butterfly ne, ya fi shekara arba'in, yana jingine a lungu an ɗora masa kaya kamar tebur. Na sa aka kira mai gyara ya wanke shi ya sa masa mai ya canza bel, shikenan ya tashi. Ni ba tela bace, ban iya yanka ba, amma miƙaƙƙen ɗinki ai ba gagara yake ba. Wandon makarantar babban yarona da ya ɗage na warware kalmasar ƙasa na sake shi ya ƙara shekara guda, da ya gama da shi na rage ƙugun ƙaninsa ya gada. Kwalar rigar maigidan da ta cinye ta wajen wuya, farke ta ake a juya ciki ya koma waje, wani tsohon tela ya nuna min, in ka gani sai ka rantse sabuwa ce. Zanin gado in ya sille a tsakiya a raba shi biyu a haɗa gefe da gefe, tsakiyar ta koma baki. Shaddar maigidan fara da ta dafe ta yi ja mun kai rini aka mai da ita shuɗiya aka kai wa 'yan bugu, ya sa ta ranar Juma'a har ana tambayarsa a ina ya yanka. Kuma abun haushi muna garin da marinar Ƙofar Mata take, wadda ake cewa tun 1498 ake rini a cikinta, Turawa na zuwa daga nesa su ɗau hoto, mu kuma kaya na koɗewa sai mu cusa a ƙasan akwati mu tafi Kwari cin bashi.

A kicin kuwa gas ne ya koya min hankali. Wake shi ne babban ɓarawon gas a gidana, to yanzu tun dare nake jiƙa shi, da safe in ɗora ya tafaso sosai kamar minti goma sha biyar da 'yar kanwa, sai in sauke da murfinsa a rufe ruf ban buɗe ba, in naɗe tukunyar da tsohon bargo in cusa cikin kwando in danna matashi a sama in tafi makaranta. Kafin in dawo ya nuna luguf da zafinsa, ko cokali ban sa ba balle ya kama. Ranar farko ƙanwar maigidan dariya ta dinga yi wai Anti ta kwantar da tukunya barci, yanzu ita take naɗewa. Haka nake wa shinkafa da ganda da duk wani abu mai cin wuta. Ruwan zafi kuma sau ɗaya ake dafawa da asuba a cika fulas, ba kowa ya tashi ya kunna wuta don kofi ɗaya ba. Firji dama wutar ba ta zama balle a dogara da shi, na sayi randa biyu na zuba yashi a ƙarƙashi ina jiƙawa, ruwan sanyi ƙalau, mun huta da sayen ƙanƙara da fiyawata sai in baƙi aka yi.

Kayan miya kuwa duk wanda yake Kano ya san lokacinsu. Da sanyi zuwa farkon zafi in tumatirin Kadawa da Kura ya sauko har zubarwa ake a Kwanar Gafan don rashin mai saye, da damina ta kawo kai kuma sai ya koma zinare. Mun gani a 2016 da tsutsar tumatir ta cinye gonaki, mun kuma gani a 2024 da har wasu suka koma miyar karas. To me zai hana lokacin arhar mu haɗa kuɗi mu sayi kwando, a yanka a shanya a kan rufi a yi kauɗa, wani a markaɗa a dafe shi ya yi kauri a zuba a kwalba a rufe da mai a sama. Tattasai da attaruhu da kuɓewa duk suna shanyuwa. Kakanninmu da basu da firji ai da haka suke kai shekara. Kuma don Allah a daina raina miyar kuka da karkashi da zogale da rama, ni ban san wanda ya kafa dokar cewa in ba jar miya aka yi ba ba a yi girki ba.

Hatsi ma haka, in da hali da kaka ake saye, ko a Dawanau ko a sa ɗan'uwa na ƙauye ya auna. Ba ɓoye kaya nake nufi ba irin na masu jiran ya yi tsada, na ci nake nufi, daidai bakin gida. Wake ne mai wuyar ajiya saboda ƙwari, kuma a nan nake roƙon mata da 'yan kasuwa su ji tsoron Allah su daina zuba masa fiya-fiya, guba ce, saboda irin wannan maganin ne ma Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu tun 2015. Akwai buhun nan da ake kira PICS mai leda biyu a ciki da buhu a waje, in ka matse iskar ka ɗaure kowace leda daban ƙwarin da kansu suke mutuwa don ba iska. In babu shi jarka mai murfi da ta bushe sarai ta wadatar, a cika ta har wuya a toshe. Ni a jarkokin man gyaɗa nake zubawa kuma wata shida ba huda ko ɗaya.

Wani abun da na lura da shi, talaka shi ya fi kowa sayen kaya da tsada. Mai kuɗi zai shiga kasuwar Singa ya ɗauki katan, ni kuma kullum in aiki yaro ya sayo ƙullin omo da ƙullin sukari da man ɗari biyu, in ka tara na wata sai ka ga ka biya kuɗin katan ɗin har da ɗori kuma ba ka ga katan ba. Shi ya sa mu shida a layinmu muka haɗa kai, ranar da albashi ya shigo kowacce ta kawo nata, mutum ɗaya ta je ta saro sabulu da taliya da magi da jarkar mai mu zo mu raba a tsakar gidana da kofi da mazurari. Kuɗin adaidaita sahu ma sau ɗaya aka biya maimakon shida. Ai ba sabon abu bane, watanda ce dai irin wadda maza suke yi da sa in sallah ta zo, mu muka mai da ita ta sabulu. Ana samun 'yar ƙura wani lokacin, wata tace kofinta bai cika ba, amma dai muna nan shekara ta biyu kenan.

Yanzu bari in zo kan inda nasan za a zage ni, anko. Malam Edita duk abun da na tara daga bargon wake da juyin kwala, biki ɗaya ya isa ya kwashe shi. Bara a dangin maigidan aka yi biki aka fitar da anko kala uku, na kamu daban, na dina daban, na yini daban, ga kuɗin ɗinki ga ɗauri ga mai kwalliya ga gudummawa, na zauna na buga lissafi na ga ya haura albashina na wata. Nace ni kam ɗaya zan yi, sauran in sa abun da nake da shi. Kai, ka ce wani zunubi na aikata. Aka daina amsa min sallama a guruf, wata yayarsa ta kira ni tace Maman yara in babu ne ki faɗa a taimaka miki mana, kar ki ba mu kunya a gaban dangin ango. Na haɗiye na ce Yaya ba komai Allah ya sa a yi da mu. Na je bikin da leshina na shekara huɗu, na ci shinkafa na yi liƙi daidai ƙarfina na dawo, ba wanda ya kore ni a ƙofa. Bayan wata biyu ita mai kiran nawa ta aiko a asirce wai in ranta mata kuɗin da za ta cike wa mai atamfa, yana ta mata sintiri. Ban ce komai ba na ba ta abun da ya samu, amma na ji a raina da ma ta sa tsohon nata mun zauna layi ɗaya.

Kuma duk wannan kayan sau nawa ake sa su? Ankon dina dai sau ɗaya ne, don ɗinkin ma ba ya shiga ko'ina sai iben senta. Haka lefe, haka kayan ɗaki, uba ya sai da gona ko fili ya jera wa yarinya kujerun da ɗakin ma bai ɗauke su ba, bayan shekara a kira dillaliya ta ɗauka rabin kuɗi. Malamai suna ta faɗa a kan mumbari, ayar nan ta ku ci ku sha kada ku yi ɓarna ko ɗan islamiyya ya haddace ta, kuma Nana A'isha ta ba da labarin cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da hannunsa yake gyara takalminsa yake ɗinke tufarsa. Muna ji muna cewa sallallahu alaihi wa sallam, muna fitowa kuma mu aiki almajiri da baƙar leda.

Maza kuma kar ku ɗauka na manta da ku. Da an ce tattali sai kowa ya kalli mace, ita ce mai ɓarnar mai, ita ce mai cika magi. To mai gidan da zai bar 2,000 na cefanen mutum takwas yana ta faɗan a riƙa lura, da daddare kuma ya zauna wajen mai shayi a soya masa indomi da ƙwai uku ya kora da tsire, ya sa data ya kwana kallon bidiyo, shi wane tattalin yake yi? Wani famfo na ɗiga a gidansa wata uku, robar ciki kawai za a canza, amma sai ya bari ya lalace gaba ɗaya ya zo yana zagin mai gidan haya. Fankarmu ta falo da ta daina gudu maigidan har ya fara tambayar kuɗin sabuwa, na matsa aka kira mai gyara, ashe kafasita ce kawai, ɗan abu kamar ƙwayar dabino, ya canza ya ɗiga mata mai ta dawo kamar jirgi. Bokitin roba in ya fashe akwai masu liƙi da suke yawo da ɗan murhu da ƙarfe, su narka wata robar su toshe. Mutanen nan suna nan a kowace unguwa, sana'arsu kenan da ita suke ci da iyali, duk gyaran da ka kai musu kuɗin a unguwa ya tsaya bai tafi Chana ba.

Sai dai in faɗi gaskiya, ba kowane gyara ne riba ba, kuma araha ba ta ado. Na taɓa kai wayata wajen wani yaro mai gyara a bakin titi don na ga nasa da sauƙi, ya sa min sikirin da bai yi sati biyu ba ya fara rawa da kansa yana kiran mutane cikin dare, na koma yace ai ni na yar da ita, ƙarshe sai da na sake biyan wani na biyu, kuɗi biyu aiki ɗaya. Haka cajar 500 da kan sayi huɗu a wata. Haka takalman roba masu ƙyalli na yara da ko shumeka in ya gani yake cewa wannan ba ya ɗinkuwa, don an yi su ne dama don a yar. Ni yanzu kafin in sayi abu tambayar farko da nake yi ita ce in ya lalace ana gyarawa? In ba a gyarawa to gara in je Ƙofar Wambai in zaɓi gwanjo mai ƙwari, na ga jakar makaranta ta gwanjo da ta yi wa yara uku aiki. Akwai kuma inda ba a tattali sam, magani na ciki, kar wanda ya raba ƙwayar hawan jini biyu don ta kai wata ko ya tsaya da maganin zazzaɓin yaro a rabi don ya ga ya tashi, wannan ba dabara bace, asibitin da ake gudu can za a ƙare da kuɗin da ya ninka.

Kuma kar wani babba ya karanta wannan ya ce yauwa, kun ji ko, dama rashin tattali ne yake damun talaka. A'a ranka ya daɗe. Akwai gidajen da ba a maganar ɗumame don tuwon ma bai isa ba balle ya yi saura, ina da yara a ajina da suke zuwa ba karin kumallo, kana gani ƙarfe goma ta yi sun kifa kai a benci. Wanda ba shi da riga me zai yi wa faci? Tattali yana ja maka abun da kake da shi ne ya ɗan ƙara nisa, ba ya haifar da wanda babu. Waɗanda suka fito zanga-zanga a watan Agustan 2024 ba don sun kasa juya kwalar riga suka fito ba. In ana so mu ɗaure ciki to mu ma mu ga an rage jerin gwanon motoci da tafiye-tafiye, ba a ce mana mu yi haƙuri daga cikin jirgi ba. Ni da nake wannan rubutun ina magana ne da irina, masu ɗan abun hannu da yake zurarewa ta ƙofar kar a raina ni.

Roƙona gare ku 'yan jarida, kamar yadda kuke cika shafi da hotunan bikin 'ya'yan manya, ku ɗan tura wakili ya zauna da irin su Baba shumeka da masu liƙin roba da masu gyaran risho da fanka da matan da suke ɗinkin faci a cikin gida, a ji nawa suke samu, wa ya koya musu, me ya sa yara ba sa son gadar sana'ar. In an sami mai gyartai da ya rage a raye a ɗau hotonsa tun kafin a nema a rasa. Mu kuma malamai laifinmu ne a wani wajen, da akwai darasin aikin hannu da ake sa yaro ya kawo tsintsiya ko mafici da ya yi da kansa, yanzu a makarantu da yawa kuɗi ake karɓa a madadinsa a ba da maki. Ni dai a ajina na fara, duk ranar Alhamis minti ashirin na ƙarshe allura da zare ne, mace da namiji kowa sai ya iya sa maɓalli, iyaye biyu sun zo sun yi ƙorafi wai ba tela suka kawo a koya wa ɗansu ba, hedimasta ya ba su haƙuri mun ci gaba.

Ita kuwa mai takalmin, ta sa shi washegari tana ta ɗari-ɗari, ta dawo tace ba wadda ta lura. Ya kai ta har ƙarshen zango. Shekaranjiya zip ɗin jakar ƙaninta ya ɓalle, ban ce komai ba sai ji na yi tana cewa kawo in kai wa Baba, na ji daɗi har raina amma na yi kamar ban ji ba. Ina lura da ita dai, ta saka jakar a baƙar leda ta ajiye bayan ƙofa, sai da aka kira magariba sannan ta zura hijabi ta fita.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara basira.

Taku,
wata malamar firamare daga Kano